Shakkar Imamu Gazali da Iyakar Kafirci

A watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira, wato tsakiyar 1095 Miladiyya, babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya zauna gaban ɗalibansa domin ba da karatu, sai harshensa ya ƙi motsi. Abu Hamid Muhammad al-Gazali bai cika shekara 40 ba a lokacin. Ɗalibai kimanin 300 ke zama a gabansa, fadar Halifa kuma tana neman shawararsa. Bayan ɗaurewar harshe sai abinci ya daina narkewa a cikinsa, jikinsa ya yi ta ramewa, har likitoci suka ɗage hannu suka ce cutar daga zuciya take. Wata shida ya yi a wannan hali. Da Zulƙida ta kama ya bar wa ƙanensa Ahmad kujerar karatu, ya rabar da mafi yawan dukiyarsa, ya shaida wa mutane aikin Hajji za shi, alhali ƙasar Sham ya nufa.

Wannan mutum shi ne ya bar wa duniyar Musulmi bayani mafi shahara kan shakkar da ke kama zuciyar mai neman gaskiya, shi ne kuma ya rubuta littafi sukutum domin shata iyakar kafirci. Tarihinsa ya dace da tambayar da ke damun mutane da yawa a asirce: wanda shakka ta kama, ya fita daga imani ke nan? Idan kuwa bai fita ba, ina bambancin yake?

Abin da kalmomin ke nufi

Hausa ta ari kalmomin biyu daga Larabci. Tushen kalmar kafirci yana nufin rufewa ko binnewa. Larabawan farko suna kiran manomi da wannan suna saboda yana binne iri a ƙasa, malaman tafsiri da dama kuma da ma'anar manoma suka fassara kalmar a aya ta 20 ta Suratul Hadid. Daga tushen ne aka sami kaffara, abin da ke rufe laifi. A wurare da yawa cikin Alƙur'ani kalmar tana zuwa ne a matsayin kishiyar godiya, abin da Bahaushe zai kira butulci. Ma'anar asali ke nan tana ɗauke da hoton mutumin da abu ya zo hannunsa, ya gane shi, sannan ya binne. Shi ya sa malamai ke ba da misali da Iblis, wanda bai taɓa tantamar samuwar Allah ba. Saninsa cikakke ne, girman kai ne ya kai shi ga ƙi.

Shakka kuwa malaman usulu sun ba ta gurbi a cikin matakan sani. Idan zuciya ta tsaya a kan abu ba tare da raurawa ba, yaƙini ke nan. Idan ɓangare ɗaya ya rinjaya, zato ne. Idan ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, shakka ce. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala a zaure ya san shari'a ta ɗauki shakka a matsayin halin ɗan Adam na yau da kullum: wanda ya rasa raka'a uku ya yi ko huɗu zai yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya ƙarasa, ya yi sujadar ba'adi. Wanda kokwanto ya aure shi kullum, shi kuma an ce ya yi watsi da shi ya ci gaba da sallarsa.

Har a sha'anin aƙida nassoshi sun yi magana. A aya ta 260 ta Suratul Baƙara an ba da labarin Annabi Ibrahim, alaihis salam, yana roƙon a nuna masa yadda ake raya matattu domin zuciyarsa ta natsu, bayan ya tabbatar da imaninsa. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin sahabban da suka kai kukan cewa suna jin abubuwa a ransu da ba za su iya furtawa ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida musu cewa jin nauyin abin alama ce ta tsantsar imani. Duk da haka, malaman tauhidi sun lissafa shakka cikin nau'o'in kafirci, idan ta shafi tushen addini kuma mutum ya zauna a kanta. Wurin da waswasi mai wucewa yake komawa matsayar da mutum ya zaɓa, nan ne wahalar take, nan ne kuma aka daɗe ana jayayya.

Rigimar da Gazali ya gada

Tun ƙarni na farko tambayar wane ne kafiri ta zubar da jini. Bayan yaƙin Siffin a 657, wasu daga rundunar Sayyidina Ali suka ɓalle saboda ya yarda da sulhu, suka ce wanda ya aikata babban zunubi ya kafirta. Waɗannan su ne Hawarijawa, ɗaya daga cikinsu ne kuma ya kashe Ali a Kufa a 661. Murji'awa suka tsaya a ɗaya gefen, suka ce a bar hukuncin mai zunubi ga Allah. Wasil bin Aɗa, wanda ya rasu a 748, ya ware daga majalisin Hasanul Basri da ra'ayin cewa mai babban zunubi yana wani matsayi tsakanin imani da kafirci, daga nan aka sami Mu'utazilawa. Ahlus Sunna suka tsaya a kan cewa zunubi yana raunana imani amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci.

Daga baya malaman ilimin kalam, masu kare aƙida da hujjojin hankali, suka buɗe wata ƙofar. Suka tambaya: wanda ya yi imani don kawai ya tarar da iyayensa a kai, bai san hujja ko ɗaya ba, imaninsa ya inganta? Imamul Haramaini al-Juwaini, malamin Gazali a Naisabur wanda ya rasu a 1085, yana cikin masu ganin wajibi na farko a kan baligi shi ne ya nufi yin nazari. Wasu suka zafafa har suka ce imanin mai taƙlidi bai ƙullu ba. Idan aka bi wannan magana zuwa ƙarshenta, manomi da makiyayi da tsohuwar da ke jan carbi duk sun shiga haɗari.

Ga kuma siyasa. Isma'iliyawa suna wa'azin cewa hankali ba ya kai mutum ga gaskiya, sai an bi imami ma'asumi. A 1092 aka kashe Waziri Nizamul Mulki, wanda ya naɗa Gazali a Nizamiyya shekara guda kafin nan, aka kuma ɗora alhakin kisan a kansu. Sarki Malikshah ya mutu makonni kaɗan bayansa, gidan sarautar Saljuƙawa ya kama da rikicin gado. A irin wannan yanayi, kiran mutum kafiri hukunci ne da takobi ke bi bayansa.

Wata biyu na rashin tabbas

A cikin littafinsa *Al-Munƙiz minad Dalal*, Gazali ya ba da labarin rikici biyu da ya shiga, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko ya same shi tun da sauran ƙuruciya. Ya lura cewa 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, sai ya ƙuduri aniyar rarrabe abin da ya sani da gaske daga abin da aka ɗora masa. Ya gindaya wa kansa sharaɗi mai tsauri: sani na haƙiƙa shi ne wanda ko an yi abin al'ajabi a gabansa ba zai girgiza ba, kamar sanin cewa goma ta fi uku.

Ya fara da gaɓoɓin jiki, ya ga ido ma yana yaudara. Inuwa tana bayyana a tsaye cak, bayan sa'a guda sai a ga ta gusa. Tauraro yana bayyana ƙanƙane kamar dinari, lissafi kuma ya nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ne ya ƙaryata ido a nan. Sai ya tambayi kansa: me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda mai barci yake gaskata mafarkinsa har sai ya farka? Bai sami amsa ba, domin duk hujjar da zai kawo da hankali za a gina ta, hankalin kuwa shi ake tuhuma. Kusan wata biyu ya yi a haka. Ya ce a zuci yana kan tafarkin masu musun sani, a baki kuwa bai furta ba, bai kuma mayar da abin aƙida ba. Ya kira halin da cuta, ya ce warakarsa ta zo ne daga wani haske da Allah Ya jefa a ƙirjinsa, har hankali ya koma abin dogaro a wurinsa.

Rikici na biyu, na 1095, daban yake. Gazali ya faɗa a sarari cewa a lokacin imaninsa da Allah da annabci da ranar Lahira ya riga ya kafu. Kansa yake tuhuma. Ya duba niyyarsa a karantarwa ya ga neman suna da matsayi ne ke jan ta. Wannan ne ya fitar da shi daga Bagadaza zuwa Dimashƙa, inda yakan kulle kansa a hasumiyar masallacin Umayyawa, sannan Ƙudus da Makka da Madina, kafin ya koma garinsu Tus. Sai a 1106 ya sake zama kujerar karatu a Naisabur.

A duka biyun bai ga kansa a matsayin wanda ya bar addini ba. A ƙarshen *Mizanul Amal* ma ya nuna cewa shakka ce ke tura mutum ga nazari, nazari kuma ke buɗe ido. Shakkar da yake nufi ita ce wadda ke hana mutum barci har sai ya nemo amsa.

Iyakar da ya shata

Komawarsa karantarwa ta tayar masa da abokan hamayya, aka riƙa cewa littattafansa sun saɓa wa mazhabar Ash'ari, saɓa mata kuwa kafirci ne. A matsayin martani ya rubuta *Faisalut Tafriƙa*. Ya fara da nuna yadda Hambali ke kafirta Ash'ari, Ash'ari ke kafirta Hambali, Mu'utazili ke kafirta Ash'ari, kowa yana iƙirarin ɗan'uwansa ya ƙaryata Manzo. Ya ce babu ƙungiyar da aka mallaka wa gaskiya ita kaɗai da za ta mayar da ra'ayin shugabanta ma'aunin imani.

Ma'anar da ya ba kafirci gajera ce: ƙaryata Manzo a cikin wani abu da ya zo da shi. Sannan ya bayyana cewa gaskata nassi yana da matakai biyar, tun daga ɗaukarsa a zahirinsa har zuwa fahimtarsa a matsayin kamance. Wanda ya fassara aya a ɗaya daga cikin matakan nan, bisa hujjar cewa zahirin ba zai yiwu ba, bai ƙaryata ba ko da ya yi kuskure. Tushen addini uku ne a wurinsa: imani da Allah, da Manzonsa, da ranar Lahira. Saura rassa ne, ba a kafirta mutum a kansu sai idan ya musa abin da ya tabbata daga Manzo ta hanyar da ba ta karɓar tantama. Ya ƙara da cewa kafirtawa hukunci ne na shari'a mai halatta jini da dukiya, don haka kamewa ta fi aminci, kuskure wajen ƙyale mutum kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kuskure wajen zubar da jininsa.

Ya yi kakkausar suka ga malaman kalam masu kafirta talakawa don ba su san hujjoji ba, ya ce sun ƙuntata rahamar Allah mai faɗi, sun mayar da Aljanna ta 'yan tsiraru. Hujjarsa ita ce Manzo ya karɓi shahadar ƙauyawan Larabawa ba tare da ya zaunar da su jarrabawa ba. Ya wuce nan ya taɓo waɗanda ba Musulmi ba. Ya ce mutanen da ke can ƙuryar ƙasar Rumawa da Turkawa, waɗanda saƙon bai kai gare su ba, suna da uzuri. Haka ma waɗanda tun suna yara ba su ji komai game da Annabi ba sai ɓatanci, domin abin da suka ji ba ya zaburar da mutum ga bincike. Wanda ya ji saƙon yadda yake, ya tashi yana nema da gaske, mutuwa ta riske shi kafin ya kai, shi ma Gazali ya yi masa fatan rahama. Wanda ya ɗora wa laifi shi ne wanda hujja ta isa gare shi ya kau da kai, ya ƙi ko dubawa.

Kada a ɗauka Gazali ya rufe ƙofar kafirtawa gaba ɗaya. A *Tahafutul Falasifa* ya yi jayayya da masu falsafa irin su Farabi da Ibnu Sina a kan mas'aloli 20, ya ce 17 bidi'a ce, uku kuwa kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna. Hukuncinsa a kan shugabannin Baɗiniyya ma mai tsanani ne. Ibnu Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa babu ijma'i tabbatacce a irin waɗannan mas'aloli masu zurfi da zai sa a yanke hukuncin kafirci. Shi kansa Gazali bai tsira ba, domin yana da rai aka ƙona *Ihya'u Ulumid Din* a Kurɗuba da umarnin sarkin Murabiɗuna.

Daga Bagadaza zuwa Ɗegel

Tambayar imanin mai taƙlidi ta iso ƙasar Hausa da Borno ta hanyar littattafan tauhidi, musamman na Muhammad as-Sanusi na Tilmisan, wanda ya rasu a 1490, mai *Ummul Barahin* da ake karantawa a zaurukan malamai har gobe. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an sami ɗaliban kalam da ke tare talakawa da tambayoyi kan siffofin Allah, wanda ya kasa amsawa su ce bai musulunta ba. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana rusa wannan hanya, bisa hujja irin ta Gazali: hukuncin duniya a kan zahiri yake, abin da ke zuci kuwa na Allah ne. Ko malaminsa da yake girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, bai bi shi ba a ra'ayinsa na kafirta masu manyan zunubai, ya kuma rubuta *Shifa'ul Galil* domin warware mas'alar.

Amma Shehu ya bi Al-Magili wajen kafirta masu cakuɗa Musulunci da ayyukan bautar gargajiya, kuma da jihadin 1804 ya faɗaɗa har Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, tambayar ta dawo kan jama'ar Shehu. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, ya aiko da wasiƙu yana tambayar dalilin yaƙar Borno, ƙasar da ake salla da azumi da zakka. Ya yarda akwai rashawa da zalunci da al'adun banza, amma ya ce waɗannan saɓo ne da ake samu a Masar da Sham, babu kuma wanda ya kafirta mutanensu. Muhammadu Bello ya amsa cewa dalilin yaƙin shi ne taimakon da sarakunan Borno suka ba sarakunan Hausa a kan jama'a, da ayyukan da yake gani shirka ne. Ba su daidaita ba. Bello dai ya adana maganganun abokin jayayyarsa a cikin *Infaƙul Maisur*, shi ya sa mai karatu a yau zai iya auna hujjojin ɓangarorin biyu da kansa.

Abin da ya rage a hannu

Daga wannan tarihi ana iya fitar da bambancin. Shakka hali ne da ke faɗo wa mutum, kamar zazzaɓi, sau da yawa ba da zaɓinsa ba. Kafirci, a ma'anar da Gazali ya tsaya a kai, mataki ne da mutum ke ɗauka: ƙaryatawa ko kau da kai bayan saƙo ya iso. Shakka tana iya kaiwa can idan mai ita ya shimfiɗa tabarma a kanta ya daina nema, tana kuma iya kaiwa ga yaƙinin da ya fi na gado ƙarfi. Daga waje ba a iya gane wacce hanya zuciya ta ɗauka, shi ya sa malaman da suka fi zurfafa bincike a kan kafirci suka fi kowa tsoron jifan wani da shi.

Arewacin Nijeriya ta ga abin da sakaci da wannan iyaka ke haifarwa. Tarzomar Maitatsine a Kano a Disambar 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000, Boko Haram kuma ta halatta jinin Musulmin da ke aikin gwamnati ko karatun boko bayan ta kira su kafirai. Akwai kuma asarar da ba a ƙidayawa. Ɗalibin jami'a da ya ci karo da tambaya a ajin falsafa ko ilimin halittu, idan ya san za a kira shi kafiri da zarar ya buɗe baki, shiru zai yi, ya kai tambayar intanet inda babu malamin da ya san shi. Sahabban da waswasi ya dama sun sami wurin kai kukansu, aka kuma kwantar musu da hankali.

Gazali ya rasu a Tus a watan Jimada Sani na 505, wato Disambar 1111. Al'ummar da ya bayyana wa cewa ya taɓa yin wata biyu bai amince ko da hankalinsa ba, ita ce ta yi masa laƙabi da Hujjatul Islam, da wannan suna kuma ake kiransa a makarantun Kano da Sakkwato da Damagaram har yau.